Malamai da Almajiran Jami'ar Sakkwato

Bayan haka, a sani jami'ar da ke Sakkwato an kafa ta a shekarar 1975, aka fara karatu cikinta a 1977 da almajirai 93. A 1988 aka sa mata sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah ya ƙara masa yarda. Mazauninta yana wajen Dundaye, amma da yawa daga malamanta a Runjin Sambo suka yi zama, suna cin kasuwa ɗaya da mutanen unguwar, suna bin liman ɗaya.

Shugabanta na fari, Shehu Galadanci, mutumin Kano, malamin Larabci ne, ya wallafa littafi kan tafiyar harshen Larabci da adabinsa a Nijeriya. Wanda ya gaje shi, Mahdi Adamu, ya bi sawun Hausawa har Gwanja, ƙasar goro, littafinsa ya fito a 1978. Sambo Wali Junaidu, ɗan Waziri Junaidu, ya karantar da Larabci a nan, daga baya ya zama Wazirin Sakkwato.

Mafi girman aikinsu kuwa shi ne ceton littattafan Shehu da Abdullahi na Gwandu da Muhammadu Bello. Takarda ta tsufa cikin gafaka, gara tana ci, magada suna rabawa warƙa warƙa. Almajirin digiri yakan nemo kofe biyu ko uku, ya gwada su, ya gyara kuskuren mai juyi, sa'an nan a buga. In kalma ta shige masa duhu, sai ya koma zaure gun malamin da ya karanci littafin daga bakin malaminsa.