Bayan an bar tumatir da barkono: yadda ake komawa cinsu sannu a hankali

A ƙauyukanmu akwai mutane da yawa da ƙwannafi, kumburin ciki ko gyambon ciki ya sa suka bar jar miya. Wani wata ɗaya aka ce ya huta, amma tsoro ya sa ya shekara yana cin tuwo da miya lami, uwargida kuma kullum tukunya biyu take ɗorawa. Shi ya sa yau muka duba yadda ake komawa ga waɗannan kayan miya ba tare da an tayar da ciwo ba.

Tumatir, tattasai, barkono, gauta, yalo da dankalin turawa duk dangi ɗaya ne a cikin tsirrai. Dankalin hausa ba ya cikinsu, haka ma masoro, citta da albasa. Amma zamansu dangi bai sa duka su dami mutum ɗaya ba. Wani zafin barkono ne ke taɓa shi, wani tsamin tumatir, ga shi kuma yana cin yalo lafiya lau.

Mu kuma sani, ba barkono ke kawo gyambon ciki ba. Yawanci wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori, ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac. Yaji sai dai ya ƙara raɗaɗi. Don haka barin yaji kaɗai ba ya warkarwa, sai an je likita an sami magani.

To, yaya ake komawa? Da farko a bari ciki ya lafa, wanda yakan ɗauki mako 2 zuwa 6. Sannan a ɗauki abu guda tak. A fara da mai sauƙi, kamar dafaffen dankalin turawa da aka fere. A ranar farko cokali ɗaya ko biyu ya isa, da rana, don a ga yadda jiki zai karɓa. In babu komai, washegari a ƙara kaɗan. Sai a dakata kwana 2 ko 3 kafin a gwada na gaba: dafaffen tumatir, sai tattasai, barkono kuma shi ne na ƙarshe. Kada a yi gwajin da kilishi ko miyar biki, domin abubuwa da yawa ne a haɗe, ba za a gane mai laifin ba. Wanda bai iya rubutu ba, ɗan makaranta na gidan ya riƙa rubuta masa abin da ya ci da abin da ya ji. In ciwo ya dawo, a ajiye wannan abu guda, a ci gaba da sauran. Dankalin da ya yi kore ko ya tsiro kuwa, kowa ma ya guje shi.

Akwai waɗanda bai kamata su gwada a gida ba. Duk wanda abinci ya taɓa kumbura masa leɓe ko harshe, ya fito masa da borin jini, ko numfashinsa ya sarƙe, sai da shawarar likita. Mai aman jini, baƙin bayan gida kamar kwalta, ko rama ba dalili, ya tafi CSI mafi kusa ba jinkiri. Yara da masu juna biyu kuma kada a hana su wani abinci kafin a tambayi ma'aikacin lafiya.

'Yan uwanmu da ke ƙetare, in kun kira gida, ku tambayi tsofaffi abin da suka daina ci da tun yaushe. Kuɗin zuwa likita ya fi musu amfani a kan kwalin magani da aka aiko ba a auna su ba. Allah Ya ba mu lafiya.