Kasuwar da ke ci a cikin ƙirji

Wanda ya taɓa shiga kasuwar hatsi ta Dawanau a Kano da kaka ya san ba a bakin ƙofa ake ciniki ba. Motoci ta nan suke shiga, amma sai an kutsa layi bayan layi, an isa bakin rumfa, inda ɗan dako ke sauke buhu ya saɓi wani, sannan kasuwa ke ci. Haka huhun ɗan Adam yake, sai dai shi ba ya da ranar hutu.

Kashi 21 cikin ɗari ne kawai na iskar da muke shaƙa yake oksijin. Kashi 78 naitirojin ne, ɗan rakiya, yadda ya shiga haka yake fita. Hanci ne ƙofa, gashinsa da majina su tare ƙura, ya ɗumama iskar. Daga maƙogwaro hanya ta rabu biyu, dama da hagu, kowace ta yi ta rarrabuwa har wajen sau 23. Mai jawo iskar kuwa wata shimfiɗaɗɗiyar tsoka ce da ta raba ƙirji da ciki. In ta yi ƙasa ƙirji ya buɗe iska ta shigo, in ta saki iska ta fita. Babba da ke zaune lafiya kan yi haka sau 12 zuwa 20 a minti guda, kowace shaƙa kimanin rabin lita.

A ƙarshen layukan ne rumfunan suke, wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkunan iska, miliyan 300 zuwa 500. Kowace jaka 'yan siraran jijiyoyin jini sun nannaɗe ta, kuma bangon da ya raba iska da jini ya fi silin gashin kai siranta kusan sau ɗari. A nan ake yin ba ni gishiri in ba ka manda. Jini ya iso a gajiye, ɗauke da kabon dayoksaid, dattin da jiki ya tara wajen ƙona abinci. Ya miƙa shi ta bangon, ya karɓi oksijin. Babu dillali, babu taya ko sallama. Kowane kaya yana barin inda ya yi yawa ya nufi inda ya yi ƙaranci, kamar yadda gero ke barin garin da aka yi noma ya nufi garin da damina ba ta yi kyau ba.

'Yan dakon su ne jajayen ƙwayoyin jini. A cikinsu akwai sinadarin himogulobin, wanda kowane guda ke iya ɗaukar oksijin huɗu. Hanyar ta yi ƙunci har sai sun bi layi ɗaya bayan ɗaya, kuma tsayuwar kowa a bakin rumfa ba ta kai daƙiƙa guda ba. Cikin wannan ƙiftawar ido ake gama lodi. Shi ya sa iskar da muke fitarwa oksijin ɗinta ya ragu zuwa kashi 16, kabon dayoksaid kuma ya kai wajen kashi 4. Ni dai duk lokacin da na tuna wannan sai in ce tsarki ya tabbata ga Mahalicci.

Amma akwai mugun kayan da ɗan dako ba ya iya bambancewa. Gawayi ko itace ko janareta, idan suna ci a inda iska ba ta wadata ba, suna fitar da kabon monoksaid. Ba shi da launi, ba shi da wari, kuma yana manne wa himogulobin fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Ya hau, ba ya saurin sauka. 'Yan dako na ta kai da kawo, ƙirji na ɗagawa yana sauka, amma ƙwaƙwalwa da zuciya ba sa samun isasshen oksijin. Abin da ke sa mutum ya ji numfashi ya ƙure masa, yawanci taruwar kabon dayoksaid ne a jini, ba ƙarancin oksijin ba. Saboda haka wannan guba ba ta cika tada mai barci ba. Mai ido biyu zai ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka gajiya ce, ya kwanta.

Lokacin hunturu ne aka fi faɗawa wannan hatsari, sa'ad da ake shigar da kaskon wuta ɗaki a toshe ƙofa da taga saboda sanyi. Don Allah, kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki, kuma janareta ya tsaya a waje, nesa da taga. In aka ga mutanen ɗaki guda suna kukan ciwon kai tare, a fito da su sarari nan take, a garzaya asibiti.