Abin da ke ƙarƙashin ruwa, daga ƙasan teku zuwa fadamar Haɗeja

A wasu manyan biranen duniya akwai gidajen da ake ajiye halittun ruwa da ransu a cikin manyan tankunan gilashi, mutane su biya kuɗi su shiga kallo. An buɗe na farko a gidan namun dajin Landan a 1853. Irin waɗannan gidaje sukan ware rana guda don iyaye da yara, a nuna musu abin da masu bincike suka gano a can ƙasan teku.

Ƙasan tekun nan wata duniya ce daban. Daga zurfin mita 200 hasken rana ya fara gazawa, bayan mita 1,000 kuwa duhu ne ƙirin, dare da rana. Halittu da yawa a can jikinsu ne ke ba da haske. Wuri mafi zurfi yana Tekun Pasifik, kusan mita 11,000, inda nauyin ruwa ya ninka na iskar da ke kanmu fiye da sau 1,000. Jacques Piccard da Don Walsh ne suka fara isa can, a Janairun 1960.

Yaron Haɗeja ba ya kusa da teku, amma a bakin ƙofarsa akwai ruwan da ke ɗauke da abubuwan al'ajabi. Kogin Haɗeja da na Jama'are sukan malala cikin fadama kafin su haɗu su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Chadi. Matsalar ita ce yawancin yaranmu sun san kifin wannan ruwa ne a busasshe, ko a kan tire a kasuwa.

Ɗauki gaiwa. Tana da huhu, tana shaƙar iska. Idan ruwa ya janye sai ta haƙa rami a taɓo, ta naɗe jikinta da yauƙin da yake bushewa ya zama kamar kube, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta kwanta watanni har damina ta sauka. Masana sun ce cikin kifaye masu rai, danginta ne suka fi kusanci da dabbobin tudu. Minjirya kuma, wadda kowane masunci ya san zafin taɓa ta, babbarta na iya sakin wutar lantarki da ta haura bolt 300, ta sumar da ƙananan kifaye ta cinye. Wani nau'in ƙurungu yakan yi iyo a rigingine, cikinsa sama, yana tsintar abinci daga fuskar ruwa.

Wanda ya fi burge ni shi ne ɗan sarki, wanda wasu ke kira yauni. Idanunsa ƙanana ne, ruwan da yake zaune kuma gurɓatacce ne, duk da haka ba ya karo da komai, har baya da baya yake tafiya. A 1951 wani masani a Jami'ar Kambirij, Hans Lissmann, ya gano cewa kifin yana fitar da 'yar wutar lantarki marar ƙarfi ba tsayawa, da ita yake gane abin da ke kewaye da shi. Kifin da ake jerawa a kasuwanninmu shi ya buɗe wa masana wannan fannin ilimi.

Wannan dukiya tana cikin takura. Tun da aka gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, yanayin ambaliyar da kifi ke hayayyafa a cikinta ya canza, ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa da dama, taru mai ƙananan ido kuma yana kwashe 'ya'yan kifi tun ba su girma ba. An sa dausayin Baturiya cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 2008, amma takarda kaɗai ba ta tsare kifi.

Ba sai an gina katafaren gida irin na Turai ba. Tankin gilashi biyu ko uku a makaranta, da ruwan kogi mai tsabta, da sarkin ruwa ko wani dattijon masunci da zai yi wa yara bayani, sun isa a fara. Masarautar Haɗeja da hukumomin ilimi na Jigawa su ware rana guda a shekara, bayan ruwa ya fara janyewa, iyaye su kawo 'ya'yansu su ga gaiwa da ɗan sarki da ransu.