HALIN DA AKA HAIFI MUTUM DA SHI: TSORO DA FUSHI A LOKACIN KAKA

Jariri sabon haihuwa yana kama nono ba tare da an koya masa ba. Wanda ya taka garwashi yana janye ƙafarsa tun bai yi tunani ba. Mace tana jin kukan ɗanta cikin dare, ta farka, alhali kukan jaki bai tashe ta ba. Waɗannan abubuwa ba a koyonsu a makaranta. Da su ake haihuwar mutum. Shi ne ake kira halin halitta.

Halin halitta yana da amfani ƙwarai. Yunwa tana sa a nemi abinci. Tsoro yana sa a guje wa maciji. Fushi yana sa mutum ya kare gidansa da gonarsa. Tausayi yana sa a taimaki maƙwabci. Amma wuta mai dafa tuwo ita ce kuma mai ƙone rumbu. Haka tsoro da fushi suke in ba a riƙe su ba.

ABIN DA KE FARUWA CIKIN JIKI

Likitoci sun yi bayanin wannan. A bisan kowace ƙoda akwai wata ƴar tsoka ƙarama. In mutum ya tsorata ko ya fusata, sai ta zuba wani sinadari cikin jini, ana ce da shi adiranalin. Nan take zuciya ta shiga bugawa da sauri. Numfashi ya ƙaru. Baki ya bushe. Jini ya tafi ga hannuwa da ƙafafu. Jiki ya shirya don abu biyu: gudu ko faɗa.

Duk wannan yana faruwa kafin hankali ya gama auna magana. Shi ya sa mai fushi yake duka tukuna, daga baya ya yi tambaya. Sashen ƙwaƙwalwa mai tsai da mutum yana wajen goshi. Ba ya gama ƙosawa sai mutum ya wuce shekara 20. Don haka samari sun fi saurin zare sanda. Su ne kuwa ke bin shanu, su ne kuma ke gadin gona.

Akwai wani hali kuma, na bin taro. In mutum ya ga ƴan garinsu suna gudu da makami, sai ya bi su tun bai ji dalili ba. Abin da mutum ɗaya ba ya iya yi, taro yana yin sa.

ME YA SA KAKA TA FI HAƊARI

A ƙasar Arewa, daga Dogon Dutsi da Matankari har Tibiri, Gesheme da Kore Mai Ruwa, manoma da makiyaya sun daɗe suna zaune tare. Kwarin Dallol Mawuri yana da ruwa kusa, yana da ciyawa. Don haka garke-garke suke bi ta cikinsa. Da damina dabbobi suna hawa arewa. In ruwa ya ɗauke, tafkuna suka soma ƙafewa, sai su gangaro kudu. Sau da yawa suna isowa hatsi da wake ba su gama shiga rumbu ba.

Jama'a kuma ta ƙaru. A ƙidayar 1977 mutanen Nijar sun ɗan wuce miliyan 5. A ƙidayar 2012 sun wuce miliyan 17. Ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Gonaki sun ci daji. A wasu wurare sun ci burtali da bakin tafki.

Manomi yana ganin abincin shekara a gonarsa. In shanu suka shiga, tsoron yunwa ne ke kama shi. Makiyayi kuma garkensa shi ne rumbunsa. In ya tarar an shuke hanya, tsoron mutuwar dabbobinsa ne ke kama shi. Dukansu biyu tsoro ɗaya suke ji. Tsoron nan ne ke juyewa ya zama fushi.

Ƙasa ta ga inda wannan ke kaiwa. A watan Oktoba na 1991, a Toda cikin jihar Maradi, rikicin gona da kiwo ya ci ran mutum fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Ba wata gona da ta kai wannan tsada. Da na sani ƙeya ce.

DABARUN KAKANNI

Mutanen da ba su san adiranalin ba, amma sun san zuciya. Sun yi mata linzami.

Na farko shi ne wasan taubasai. Arawa da Fulani abokan wasa ne. Ba'are yana yi wa Bafillace ba'a a kasuwa, Bafillace ya rama, kowa ya yi dariya. Maganar da za ta kawo faɗa sai ta zama raha. Abin kunya ne mutum ya zub da jinin abokin wasansa. A 2014 hukumar UNESCO ta sa wannan al'ada ta Nijar cikin gādon ƴan Adam na duniya.

Na biyu shi ne kokawa. Saurayi mai ji da ƙarfi yana gwada shi a fili, gaban alƙalin wasa, ba da makami ba. Wanda aka kayar ya tashi ya kaɗe ƙura, a gaisa. Tun 1975, da aka fara a Tawa, ana yin kokawar takobin ƙasa. Isaka Isaka na jihar Dosso ya ɗauki takobin sau da yawa.

Na uku shi ne cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Makiyayi ya sauka a gona bayan girbi, dabbobinsa su ci kara, su bar taki. Matarsa ta kawo nono, ta karɓi hatsi. Wanda kuke ci tare ba a saurin ɗaga masa hannu.

Malamai ma suna koyar da cewa mai fushi in yana tsaye ya zauna, ya yi shiru, ya yi alwala. Wannan ya yi daidai da bayanin likitoci. In aka ɗan dakata, zuciya tana lafawa, hankali ya komo.

HANYAR DOKA

A ranar 2 ga Maris 1993 gwamnati ta kafa dokar karkara. A 2010 aka ƙara wata doka ta kiwo. Dokar ta kafa hukumomin filaye, waɗanda ake kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. A cikinsu akwai sarakai, ma'aikatan gona da na dabbobi, da wakilan manoma da makiyaya. Suna shata burtali, suna rubuta takardun gona. Kowace shekara hukuma tana faɗin ranar sakin gonaki. Kafin ranar, makiyayi ya tsare dabbobinsa. Manomi kuma ya yi ƙoƙari ya kwashe amfaninsa cikin lokaci, kada ya shuka a burtali.

In ɓarna ta auku, ga abin da ya kamata:

1. Kada a taɓa mai kiwo, kada a sari dabba.
2. A kira shaidu su ga gonar.
3. A kai magana wurin maigari da ardo.
4. A auna ɓarnar, a rubuta abin da aka shirya a kai, kowa ya sa hannu.
5. In ba a shirya ba, a tafi wurin sarki. In abin ya gagara, sai gidan shari'a.

A nan ne karatu ke da rana. Wanda ya iya karatu yana duba takardar sulhu da idonsa, ba a cutarsa. Yana iya rubuta ranar sakin gonaki, ya sanar da ƴan'uwansa. In jita-jita ta shigo gari, yana tambaya: wa ya gani, a ina, yaushe?

Ba a raba mutum da tsoro da fushi, don da su aka halicce shi. Amma doki mai ƙarfi ma da linzami ake hawansa. Dattawa su ja kunnen samari tun hatsi bai nuna ba. A tattauna wannan magana a wurin yaƙi da jahilci, a kai ta gida, a kai ta ruga. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.