Wa ke da ta cewa a karatun ɗa?

A Amurka kan iyaye ya rabu bisa darussan launin fata da jinsi a makarantun gwamnati: wasu sun ɗauke su koyon zaman tare, wasu shiga hurumin gida. A gundumar Montgomery ta jihar Maryland, an shigar da littattafai masu labaran auren jinsi ɗaya cikin firamare a 2022, kuma a 2023 aka soke damar janye yaro daga darasin. Iyaye Musulmi da Kirista suka kai ƙara. A Yunin 2025 alƙalai 6 cikin 9 na Kotun Ƙoli suka goyi bayansu.

Iyayen nan sun san abin da ƴaƴansu ke karantawa. Mu ma mu riƙa buɗe jakar makaranta, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya shirya mana zuri'a.