Digiri Ba Tare da Barin Aiki Ba: Ƙofa a Buɗe Take a Sakkwato, Amma Ba Mai Buga Ƙararrawa

A kowace ikkilisiya ta birnin Sakkwato, daga Mabera har zuwa barikin Giginya, akwai 'yan'uwa da suka daɗe a mataki ɗaya a wurin aiki, ba domin ragwanci ko rashin sanin aikin ba, sai domin takarda guda da ba su da ita. Akwai malamin firamare mai takardar NCE wanda yaran da ya koya wa karatu suka dawo da digiri suka zama shugabanninsa. Akwai ma'aikaciyar jinya da ta ƙware a aikinta amma ƙarin girma ya tsaya mata. Akwai akawu a sakatariya, da soja ko ɗan sanda mai tunanin abin da zai kama bayan ritaya. Dukansu sun san maganin abin da ke damunsu. Amma wa zai ajiye aiki shekara huɗu ya koma aji, alhali ga kuɗin haya, ga kuɗin makarantar yara, ga kuma iyaye a Zuru ko Kafanchan ko Filato suna jiran aike a ƙarshen wata?

Domin irin waɗannan mutane ne aka kafa tsarin karatu daga gida, watau mutum ya riƙe aikinsa, a ba shi littattafai, ya karanta a lokacin da ya samu, ya tafi da karatun daidai ƙarfinsa, ya je ya rubuta jarrabawa. Mun ga ya kamata mu bayyana wa masu karatu yadda abin yake, da amfaninsa, da kuma wurin da mutane suka fi yin tuntuɓe.

Ba baƙon abu ba ne

Kai ilimi har gida ba sabon abu ba ne a ƙasar Sakkwato. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta lura cewa matan ƙauyuka ba za su iya barin gidajensu su zo birni neman ilimi ba. Sai ta shirya ƙungiyar da aka sani da 'Yan Taru, inda ta horar da wasu dattawan mata da ake kira jaji, su karɓi darasi daga wurinta su kai wa 'yan'uwansu a garuruwansu. Tun wancan zamani aka gane cewa idan ɗalibi ba zai iya zuwa wurin malami ba, ana iya aika masa da karatun.

A ɓangaren ilimin boko, Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa tun 1858 ga ɗaliban da ba sa zaune a harabarta. Ta wannan hanya Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke kan takardar naira 10, ya sami digiri a 1928 yana aikin koyarwa. Haka Obafemi Awolowo ya sami digirinsa na harkokin kasuwanci a 1944. A lokacin ana jiran darasi ne ta gidan waya, a rubuta amsa a mayar, a sake jira makonni kafin a ga maki.

A nan Arewa, an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, watau NTI, a Kaduna a 1976, lokacin da shirin ba da ilimin firamare kyauta ya buƙaci dubban malamai cikin gaggawa. Malamai da yawa a majami'unmu ta NTI suka gyara takardunsu ba tare da sun bar ajinsu ba. Waɗanda kuma suka yi karatun tauhidi na TEE a gida, suna haɗuwa da malami lokaci lokaci, sun riga sun ɗanɗani irin wannan tsari.

Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa kuwa, wadda aka fi sani da NOUN, ɗan jihar Sakkwato ne ya sa mata hannu. Alhaji Shehu Shagari, wanda shi kansa tsohon malamin makaranta ne, ya kafa ta a 1983 yana shugaban ƙasa, bisa misalin Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila da aka kafa a 1969. Gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, ta kwanta shekara da shekaru, sai a 2002 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta farfaɗo da ita. Bayan ya sauka daga mulki, Obasanjo da kansa ya shiga jami'ar a matsayin ɗalibi, har ya karɓi digirin digirgir a fannin tauhidin Kirista a farkon 2018 yana da shekara 80. Gaskiyar Bahaushe, gemu ba ya hana ilimi. A wannan shekara ta 2018 ne Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan gyaran dokar jami'ar, domin a daidaita matsayin ɗalibanta da na sauran jami'o'i. Daga 2016 zuwa 2021 ɗan Kano ne ya shugabance ta, Farfesa Abdalla Uba Adamu. Hedkwatarta tana Abuja, tana kuma da cibiyoyin karatu a jihohin ƙasar nan, har da birnin Sakkwato. Ban da ita, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa mai ba da digiri ta intanet.

Yadda karatun yake tafiya

Mai son shiga NOUN ba sai ya zauna jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ba. Abin da ake nema shi ne kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare, irin su WAEC ko NECO, a darussan da suka dace da fannin da mutum yake so. Mai takardar NCE ko difloma yana iya neman a ɗauke shi kai tsaye a aji na biyu. Ana cika takardar neman shiga ta intanet, sa'an nan a kai takardun shaida cibiyar karatu domin a tantance su.

An raba shekara zango biyu. A kowane zango ɗalibi yakan yi rajistar darussan da zai ɗauka, ya biya kuɗinsu da na jarrabawarsu. Kowane darasi yana da littafinsa da aka rubuta musamman domin mai karatu shi kaɗai: an yanka shi ƙananan kashi, kowane kashi yana farawa da abin da ake so ɗalibi ya sani, ya ƙare da tambayoyin gwada kai. Ana iya sauke littattafan nan a waya ko kwamfuta. A tsakiyar zango akwai aikin gida da ake kira TMA, wanda ake amsawa ta intanet, yana ɗauke da maki 30 cikin 100. Sauran maki 70 suna wurin jarrabawar ƙarshen zango, wadda dole mutum ya je cibiya da ƙafarsa ya rubuta, wasu darussa a kwamfuta, wasu da biro da takarda.

Amfanin tsarin a fili yake. Albashi bai tsaya ba, iyali ba su rabu ba. Soja ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki daga Sakkwato zuwa wata jiha yana iya mayar da sunansa cibiyar da ke can ya ci gaba. Wanda kuɗi suka yanke masa yana iya rage darussa a zangon, ko ya dakata ya dawo. A 2022, lokacin da yajin aikin malaman jami'o'i ya rufe azuzuwa wajen wata takwas, ɗaliban karatu daga gida na NOUN sun ci gaba da nasu.

Inda ake tuntuɓe

To, amma a nan ne muke so masu karatu su kasa kunne. Abin da ya sa tsarin nan ya yi daɗi, shi ne kuma abin da yake kayar da mutane. A makarantar kwana akwai ƙararrawa, akwai malami mai kiran suna, akwai abokin ɗaki da za ka ga yana karatu kunya ta kama ka. A karatu daga gida ba mai buga maka ƙararrawa. Idan ka ajiye littafi mako uku, ba wanda zai tambaye ka. Sai ranar da aka fitar da jadawalin jarrabawa mutum ya farga cewa darussa takwas na jiransa, bai buɗe ko rabinsu ba.

Kuma mu da ke zaune a Sakkwato mun san halin garinmu. A watannin Maris da Afrilu zafi yakan haura digo 40 a ma'auni, mutum ya dawo daga aiki jiki ya mutu, ga wuta ba tabbas, ga waya ba caji. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki ba za ta iya buɗe littafi da safe ba. Uwa kuma tana dawowa ofis tukunya ce ke jiranta. Ga biki, ga ta'aziyya, ga taron kwamiti, ga koyon waƙa. Ba ɗaya daga cikinsu da yake mugun abu, amma idan aka haɗa su sai mako ya ƙare ba a karanta shafi ɗaya ba.

Masu gamawa ba lallai su ne suka fi kaifin ƙwaƙwalwa ba. Su ne waɗanda suka yi wa kansu ƙararrawa. Sa'a ɗaya da asuba kafin gari ya yi zafi, kowace rana, ta fi kwana uku na karatun dole gab da jarrabawa. Gara mutum ya ɗauki darussa kaɗan ya ci su da kyau, da ya kwashi da yawa ya biya kuɗi ya faɗi ya sake biya. Sannu ba ta hana zuwa. Amma a tuna, sannu dabam, tsayawa dabam, gama jami'a tana da iyakar shekarun da take ba ɗalibi ya kammala. Ya kamata kowa ya tambayi wannan iyaka a cibiya tun ranar rajista, ya rubuta ta inda zai riƙa gani.

Akwai kuma jarabar biyan wani a shagon kwamfuta ya amsa maka aikin gida. Wannan ha'inci ne, kuma mai yinsa kansa yake cuta, domin ranar jarrabawa shi kaɗai zai zauna, ranar da kuma aka ɗora masa aiki a ofis takardar ba za ta yi magana a madadinsa ba.

Hattara da digirin gaggawa

Da yake mutane da yawa suna ƙishin takarda, 'yan damfara ma sun buɗe kasuwa. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya fallasa yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, ba tare da ya shiga aji ba. A watan Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo domin a yi bincike. Wanda ya zuba kuɗin guminsa a irin wannan wuri ya yi hasara biyu, ta kuɗi da ta mutunci.

Saboda haka kafin a biya ko sisi, a tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ta amince da makarantar, ta kuma amince da fannin da za a karanta. Malami da ma'aikacin jinya su bincika ko hukumar sana'arsu tana karɓar takardar. Ma'aikacin gwamnati ya nemi izinin karatu a rubuce daga wurin aikinsa tun da fari, domin kada a gama wahala a ce ba a san da zancen ba. Duk wanda ya ce zai ba ka digiri ba karatu ba jarrabawa, ka riƙe aljihunka ka wuce.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Ko da yake ana kiransa karatun kai da kai, ba a gama shi sai da taimakon na kusa. Maigida da matarsa ta shiga karatu, riƙe mata yara sa'a biyu da yamma ya fi mata kowace kyauta. Uwargida da mijinta ke shirin jarrabawa, ta taya shi tsare lokacinsa. A zauna tun farko a lissafa kuɗin kowane zango, a ware shi kamar yadda ake ware kuɗin makarantar yara.

Ikkilisiya ma tana da abin yi, kuma ba mai tsada ba ne. Majami'u da yawa suna da ɗakunan makarantar Lahadi da ke rufe daga Litinin zuwa Asabar, wasu har da janareta ko wutar sola. A buɗe ɗaki ɗaya da yamma biyu ko uku a mako, a sa fitila da wurin cajin waya. A cikinmu akwai malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da na sakandare, da matasa masu hidimar ƙasa, waɗanda za su iya ba da sa'a ɗaya su warware wa ɗalibai lissafi ko Turanci, ko su nuna wa dattijo yadda ake amsa tambaya a kwamfuta. Zumuntar mata da ta maza su san 'yan'uwansu da ke karatu, a rage musu nauyin kwamiti a watan jarrabawa, a riƙa tambayarsu inda suka kai. Wannan tambaya kaɗai tana iya zama ƙararrawar da babu ita a tsarin.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ta daɗe tana cewa sai baɗi, shawararmu ita ce a fito da takardun sakandare daga akwati a duba kiredit, a je cibiyar karatu a yi tambaya ido da ido, a dawo gida a yi shawara da iyali. Shekara huɗu ko shida za su wuce ko an yi karatu ko ba a yi ba. Allah ya ba masu niyya ƙarfi da naciya, ya kuma sa albarka a aikin hannuwansu.