Kuɗin tunawa a cikin canji

A Sheda, kamar sauran garuruwan Najeriya, da wuya mai shago ya ba ka canji da tsaba. Rabon Babban Banki da fitar da sababbi tun 2007: kwabo 50, naira 1 mai hoton Herbert Macaulay, da naira 2 mai ginin Majalisar Tarayya. Mai sha'awar tara kuɗin tunawa sai ya koma kan takarda. Akwai naira 50 ta 2010, ta cikar shekara 50 da samun 'yanci, da naira 100 ta 2014, ta shekara 100 da haɗe Arewa da Kudu. Ni dai naira 20 na fi ajiyewa, domin a bayanta Ladi Kwali ce ke ginin tukunya, 'yar wannan yanki na Kwali.